Ekaterina a tarihin Rasha: dangi ne, sarauta ce, ko suna ne kawai?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai sha'awar tarihin Turai. Duk inda na buɗe a tarihin Rasha sai na ci karo da mace mai suna Ekaterina: wata sarauniya, wata shugabar masana, wata kuma minista a zamanin kwaminisanci. Shin 'yan gida ɗaya ne, ko kuwa Ekaterina sarauta ce da ake naɗa mace kamar Magajiya ko Iya? Kuma yaya zan riƙa bambance su?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. In na fahimce ki, abu uku kike son sani: ko akwai jini tsakanin matan nan, ko sunan muƙami ne, da kuma yadda mai karatu zai gane wacce ake nufi. Ekaterina suna ne irin wanda ake raɗa wa jaririya, ba a naɗa kowa da shi, kuma yawancin matan da kika gani babu abin da ya haɗa su. Duk da haka zatonki bai kauce sosai ba. Mata biyun da suka ɗaukaka sunan nan ba da shi aka haife su ba. Da girmansu aka ba su shi, lokacin da za su shiga gidan sarauta, kuma daga kansu ne ya samu kwarjinin da ya sa kika ɗauke shi sarauta.

Dalilin da ya sa sunan ya yi yawa

Rashawa sun karɓi Kiristanci na ɗarikar Otodoks a shekarar 988, zamanin Sarki Vladimir na Kiev. Daga nan har juyin juya halin 1917, coci ce ke riƙe da raɗin suna. Akwai kalandar waliyyai, kowace rana da sunayen waɗanda ake tunawa da su, kuma daga cikinta ake zaɓa wa jariri suna, sau da yawa na waliyyin da ranarsa ta zo kusa da haihuwa ko baftisma. Sunayen mata a kalandar nan kaɗan ne ƙwarai in an kwatanta da na maza, saboda haka sai Mariya, Anna, Ekaterina, Elizaveta da wasu 'yan tsiraru suka yi ta maimaituwa. Kamar dai yadda da wuya ki shiga gidan Bahaushe ba ki tarar da A'isha ko Fatima ba, kuma babu mai cewa duk A'ishar duniya dangin juna ne. Wadda aka samo sunan daga gare ta ita ce Katarina ta Iskandariyya a Masar, wadda Kiristoci suka yi imani an kashe ta saboda addininta a farkon ƙarni na 4. Tsohon gidan ibadar da ke gindin Dutsen Sina'i sunanta yake ɗauke da shi har yau.

Saboda yawan maimaici, Rashawa suna dogara da suna na biyu, wato sunan uba, wanda ake liƙa wa "-ovna" ko "-evna" in mace ce. Ekaterina Romanovna 'yar Roman ce, Ekaterina Ivanovna kuma 'yar Ivan. A cikin gida da tsakanin ƙawaye sai a ce Katya ko Katyusha, kuma daga wannan laƙabin ne sojojin Sobiyet suka raɗa wa makamin roka da kike ji a labarai suna.

Boyar gida da ta hau gadon sarauta

Ta farko sunanta na haihuwa Marta Skavronskaya, an haife ta a 1684 a yankin Baltik. Marainiya ce da ta tashi tana aikatau a gidan wani limamin cocin Lutha mai suna Ernst Glück a garin Marienburg, wanda yau yake cikin Latbiya. Da sojojin Rasha suka ƙwace garin daga hannun Suwidin a 1702, tana cikin ganimar yaƙi. Ta zauna a gidan kwamandan sojan Sheremetev, ta koma gidan Menshikov, aminin Sarki Peter na Ɗaya, a can kuma sarkin ya gan ta. Da ta koma ɗarikar Otodoks aka ba ta suna Ekaterina Alekseyevna. Sunan uban ma aro ne: Aleksei, ɗan Peter daga matarsa ta fari, shi ya tsaya mata a matsayin uba wurin baftisma.

Waɗanda suka zauna a fadar sun rubuta cewa ita kaɗai ke iya kwantar da Peter in ciwon kai da fushinsa suka motsa. Ta bi shi yaƙin kogin Prut a 1711, inda Turkawa suka yi wa sojojinsa ƙawanya. Ana ba da labarin wai gwala-gwalanta ta tattara aka kai wa wazirin Turkawa har ya yarda da sulhu, amma masana da yawa ba su gamsu da labarin ba. Abin da ya tabbata shi ne Peter ya aure ta a bainar jama'a a 1712, ya ƙirƙiro lambar girma ta mata da sunan waliyyiyar don karrama ta, ya raɗa wa sabon garin masana'antu a tsaunukan Ural suna Ekaterinburg a 1723, sannan ya sa mata kambi a 1724. Ya mutu a farkon 1725 bai ambaci magaji ba, sai Menshikov da dakarun tsaron fada suka ɗora ta. Shekara biyu ta yi, kuma Menshikov ne ke juya akalar. Muhimmancinta shi ne ƙofar da ta buɗe. Dokar da Peter ya kafa a 1722 ta ba sarki ikon zaɓar duk wanda ya ga dama, shi ya sa daga 1725 zuwa 1796 mata ne suka riƙe Rasha a mafi yawan shekarun: ita, Anna, Elizaveta 'yar Ekaterina ta farko, sai ta biyun da za mu zo kanta.

Bajamushiyar da ta fi kowa ɗaukaka sunan

Ta biyun Sophie ce, 'yar wani ƙaramin basarake na Anhalt-Zerbst a Jamus, an haife ta a 1729 a Stettin, garin da yau yake cikin Folan. Sarauniya Elizaveta ce ta aiko a kawo ta a 1744, tana 'yar shekara 14, don ta auri yarima mai jiran gado. Da ta sauya ɗarika, Elizaveta ta ba ta sunan tata mahaifiyar sukutum, Ekaterina Alekseyevna, alhali uban yarinyar Christian August ne. To nan ne kaɗai za ki samu dangantaka tsakanin sarauniyoyin biyu, ita ma ta aure ce: ta farkon kakar mijin ta biyun ce.

Yarinyar ta gane da wuri cewa baƙuwa ba ta da dangi a fada sai waɗanda ta sama wa kanta. Ta duƙufa koyon harshen Rashanci, ta riƙe ibadun coci a idon jama'a, ta yi ta karatu a shekarun da mijinta ya yi banza da ita. Mijin, Peter na Uku, ya hau mulki ya ɓata wa sojoji rai cikin wata shida, musamman da ya yi sulhu da Prussiya bayan Rasha ta ci galaba a kanta. A tsakiyar 1762 dakarun tsaron fada ƙarƙashin 'yan gidan Orlov suka kifar da shi suka ɗora matarsa. Bayan kamar mako guda ya mutu a tsare a Ropsha, a hannun Aleksei Orlov. Ko ita ta ba da umarni ko kuwa yaranta ne suka yi gaban kansu, babu takardar da ta raba gardama, kuma duk wanda ya ce miki ya tabbatar da ɗaya daga ciki ya wuce abin da hujja ta ba shi. Ba ta hukunta kowa ba dai.

Shekara 34 ta yi a kan mulki. Ta yaƙi Daular Usmaniyya ta Turkawa sau biyu, ta haɗiye Kirimiya a 1783, aka kafa Sevastopol da Odessa a bakin Baƙin Teku. Ta haɗa kai da Prussiya da Ostiriya suka yi watandar Folan a 1772, 1793 da 1795 har ƙasar ta ɓace daga taswira. A cikin gida ta buɗe makarantar Smolny ta 'yan mata a 1764, a shekarar kuma ta fara tara zane-zanen da suka zama gidan tarihi na Hermitage. A 1768 ta sa wani likita Baturen Ingila, Thomas Dimsdale, ya yi mata lambar agana, a lokacin da mutane ke tsoron lambar kamar cutar kanta, don talakawa da masu sarauta su gani su bi.

Akwai ɓangaren mulkinta da nake ganin Musulmi ya kamata ya sani, domin littattafan makaranta sukan tsallake shi. Kafin ita, a shekarun 1740, an rushe ɗaruruwan masallatai a yankin Kazan ana tilasta wa Tatar, Musulmin yankin, shiga Kiristanci. Bayan ta ziyarci Kazan a 1767 ta ba da izinin gina masallatan dutse, kuma masallacin Marjani da ke tsaye a garin yau daga wannan izinin ya samu. A 1773 aka fitar da dokar da ta hana limaman coci tsoma baki cikin ginin masallatai. A 1787 aka buga Alƙur'ani da Larabci a Petersburg bisa umarninta, a 1788 kuma ta kafa majalisar malamai mai mufti a garin Ufa. Tatar har laƙabin kaka suka yi mata. Sai dai kada a ɗauka son Musulunci ne ya motsa ta. Ta ga yadda Bashkir da Tatar suka mara wa babban tawayen da Pugachev ya jagoranta baya a 1773 zuwa 1775, tana kuma yaƙi da Sarkin Musulmi na Istanbul, saboda haka ta fi son malamai su karɓi albashi daga hannunta su riƙa yi mata addu'a. A daidai wannan zamani ne Tatar na Kirimiya suka fara ƙaura da yawa zuwa ƙasar Turkawa bayan an ƙwace musu daula.

Babban tabon da ke jikinta shi ne bayin gona, wato talakawan da doka ta ɗaure a ƙasar ubangidansu, ana sayar da su ana gadonsu. Matar da ke musayar wasiƙu da marubucin Faransa Voltaire kan 'yanci, wadda ta tara wakilai sama da 500 a 1767 don su tsara sabbin dokoki, ita ce a wannan shekarar aka hana bawan gona kai ƙarar ubangidansa a zamaninta. Ta raba dubban ɗaruruwan talakawa kyauta ga na hannun damarta, ta kuma shimfiɗa tsarin zuwa Yukren a 1783. A wurina ba a yi mata adalci in an ambaci makarantu aka bar wannan, ba a kuma yi wa tarihi adalci in an tsaya kan labarin samarinta, wanda shi ne abin da ya fi yawo. Ɗanta Paul, da ya gaje ta a 1796, ya kafa dokar gado a 1797 wadda ta fifita maza, kuma mace ba ta sake mulkin Rasha ba.

Wadda na fi so ɗalibai su sani

In ina koyar da wannan zango, nakan lura ɗalibai suna haɗa ayyukan Ekaterina Romanovna Dashkova da na sarauniya, don sunansu ɗaya kuma zamaninsu ɗaya. Ita kam da sunan aka haife ta, a gidan Vorontsov, ɗaya daga manyan gidajen Rasha. Ba ta kai shekara 20 ba ta shiga juyin mulkin 1762 a ɓangaren sarauniya, alhali yayarta ce farkar sarkin da aka kifar. Ta ɗauka za ta zama abokiyar shawara, sai ta tarar 'yan gidan Orlov sun riga ta, dangantaka ta yi sanyi, ta tafi yawon Turai na shekaru. Ta zauna da masanin falsafa Diderot a Paris, ta kai ɗanta karatu Edinburgh, ta haɗu da masanin Amurka Benjamin Franklin a 1781.

A 1783 sarauniya ta naɗa ta shugabar Cibiyar Kimiyya ta Petersburg, mace ta farko a duniya da ta riƙe irin wannan kujera. Ta san masanan za su raina ta, saboda haka ranar da za ta fara zama ta roƙi Leonhard Euler, babban masanin lissafi wanda a lokacin ya tsufa ya makance, ya raka ta ya gabatar da ita. Ta tarar da cibiyar cikin bashi, ta gyara asusunta, ta farfaɗo da maɗaba'a, ta dawo da laccocin da ake yi wa jama'a da Rashanci. A shekarar ta kafa wata cibiyar ta harshe, wadda ta fitar da ƙamus mai juzu'i shida tsakanin 1789 da 1794, da kalmomi sama da 40,000, kuma ita da kanta ta tattara kalmomin wasu haruffa. Wannan a zamanin da masu sarautar Rasha ke ganin Faransanci ne harshen wayayyu. Duk mai kishin harshensa zai gane nauyin aikin nan. A 1789 ƙungiyar masana ta Philadelphia ta karɓe ta a matsayin mace ta farko. Ƙarshenta da fada bai yi daɗi ba: cibiyarta ta buga wani wasan kwaikwayo da sarauniya ta ga yana zuga mutane, aka yi saɓani ta ajiye aiki, Paul kuma da ya hau ya kore ta zuwa wani ƙauye don rawar da ta taka wajen kifar da ubansa. Ta rasu a 1810. Ita ma ba ta tsira daga aibin zamaninta ba, domin ta kare tsarin bayin gona a gaban Diderot.

Waɗanda suka juya wa fada baya

A ƙarni na 19 sunan ya fita daga fada. A Disambar 1825 wasu hafsoshi suka yi yunƙurin tawaye a Petersburg suna neman tsarin mulki. Aka rataye biyar, aka tura sama da 100 Siberiya. Cikinsu akwai Sergei Trubetskoy, wanda aka zaɓa jagora amma bai fito dandalin ba ranar. Matarsa Ekaterina Ivanovna Trubetskaya, 'yar gidan Laval, ɗaya daga gidajen da suka fi kuɗi a birnin, ita ce ta farko da ta bi mijinta. Gwamnan Irkutsk ya riƙe ta watanni yana ƙoƙarin mayar da ita, har ta sa hannu a takardar da ta raba ta da darajar gidansu, ta kuma amince duk ɗan da ta haifa a can za a rubuta shi talaka. Ta iske mijin a mahaƙar ma'adinai ta Blagodatsky a farkon 1827, sanye da mari. Mata goma suka biyo sawunta. Ta rasu a Irkutsk a 1854, shekara biyu kafin afuwar da aka yi wa 'yan tawayen a 1856. Akan ba da labarinta a matsayin biyayyar aure, to amma a ƙarƙashin Sarki Nicholas na Ɗaya, wanda ke son a manta da mutanen nan, tafiyar siyasa ce, kuma ta hannun matan ne wasiƙun fursunonin suka riƙa isa ga iyalansu.

A shekarar da Trubetskaya ta rasu, ana cikin Yaƙin Kirimiya, Ekaterina Bakunina ta tafi Sevastopol da ƙungiyar mata masu jinya, ta yi aiki da likitan fiɗa Nikolai Pirogov a lokacin da Florence Nightingale ke ɗaya ɓangaren yaƙin, daga baya ta buɗe wa talakawa asibitin kyauta a lardin Tver. Ekaterina Breshko-Breshkovskaya kuwa an kama ta a 1874 tana wa'azin juyin juya hali a ƙauyuka, ta shafe shekaru masu yawa tsakanin kurkuku da Siberiya, ta fito a 1917 ana kiran ta kakar juyin juya hali, ta ƙi 'yan Bolshevik, wato 'yan kwaminisancin da suka karɓe mulki, ta mutu a gudun hijira kusa da Prague a 1934. A Yaƙin Duniya na Biyu akwai Ekaterina Budanova, matuƙiyar jirgin yaƙi da ta fafata a Stalingrad aka kashe ta a Yulin 1943.

Ministar da kika ambata ita ce za ta fi rikita ki, domin sunanta Ekaterina Alekseyevna Furtseva, daidai da na sarauniyoyin biyu, sai dai ita ubanta Aleksei ne da gaske. An haife ta a 1910, ta fara aiki a masaƙa, ta shugabanci jam'iyya a birnin Mosko daga 1954, ta taimaki shugaban Sobiyet Khrushchev lokacin da aka so tumɓuke shi a 1957, ta shiga majalisar ƙoli ta jam'iyya inda da ƙyar mace ke leƙawa. Aka cire ta daga can a 1961, ta riƙe ma'aikatar al'adu daga 1960 har mutuwarta a 1974. Mutanen Mosko suna mata laƙabi da Ekaterina ta Uku.

Yadda za ki bambance su

Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne kada su rubuta Ekaterina ita kaɗai. A haɗa da sunan uba, sunan gida, da shekara. Wurare ma haka: Ekaterinburg da Fadar Ekaterina da ke Tsarskoye Selo na ta farkon ne, Ekaterinodar, wanda yau ake kira Krasnodar, na ta biyun ne. A littattafan Turanci da Faransanci za ki ga sarauniyoyin a matsayin Catherine, sauran kuma Ekaterina ko Yekaterina, duk suna ɗaya ne.

Ki kuma san iyakar abin da tarihi zai ba ki. Matan nan kusan dukkansu 'yan manyan gida ne ko waɗanda suka raɓi mulki, don su ne suka bar wasiƙu da littattafan tunawa. Dubban Ekaterina na ƙauye ba su bar komai ba sai layi ɗaya a rajistar coci ko a lissafin dukiyar ubangida. Abin da Dashkova da sarauniya ta biyu suka rubuta kan rayuwarsu kuwa kare kai ne, kowacce tana ƙara girman rawar da ta taka a 1762, sai a karanta su tare.

In za ki yi bincike, ki tuna mace tana sauya sunan gida bayan aure, saboda haka ƙuruciyar Dashkova tana ƙarƙashin Vorontsova, ta Trubetskaya kuma ƙarƙashin Laval. In kika ga littattafai biyu sun saɓa kan kwanan wata, ba lallai ɗayan ya yi kuskure ba. Rasha ta yi amfani da tsohuwar kalanda har 1918, wadda take baya da kwana 11 a ƙarni na 18 da kwana 12 a ƙarni na 19. Shi ya sa juyin mulkin 1762 yake 28 ga Yuni a wani littafin, 9 ga Yuli a wani.